Hutun Ta-Arfa

Maharazu ya cicciɓi damin ciyawar barsim ya jefa a bayan mota, ya koma ya ɗauko wani. Lurwanu kuwa, mai motar, yana jingine da ƙofar direba yana sakace, ko alamar zai sa hannu babu.

"Ni dai har yau ban gane ba," in ji Lurwanu. "Mutum da furfurarsa, ranar hutunsa guda ɗaya tal, ya taso tun sassafe ya tafi kwasar kashin jakai. Kuma kyauta! Ko shayi ana ba ka?"

"Aikin sa kai ake ce masa."

"To ai ka sa kan, har da wuyan."

Maharazu ya ci gaba da lodinsa. Ya san halin abokinsa, tun suna samari suka baro ƙasar Tawa tare, kuma bakin nan nasa bai taɓa hutawa ba. Kasuwar Ka'akiyya ta cika maƙil da kukan tumaki da ƙarar motoci, ga dillalai suna ta ihu da Larabci. Ta can baya ana hango rufin mayanka. Maharazu ya kawar da kai. Duk sanda ya zo sayen ciyawa ba ya yarda idonsa ya sauka a wajen, don saura ƙiris a kai Ta-Arfa can.

Ta-Arfa taguwa ce, ba mutum ba, amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gaban Maharazu. Shekara goma sha wani abu suka yi tare a gindin Dutsen Arfa. Kullum da safe zai wanke ta, ya ɗaura mata sirdi mai rumfa, ya jera mata furannin roba ja da rawaya da ƙananan ƙararrawa a wuya. In motocin masu Umara suka sauke mutane, sai a yi layi. Mutanen Indonisiya, Turkawa, 'yan Kano da 'yan Damagaram, kowa sai ya hau an ɗauke shi hoto an kai gida an rataye. Masu raƙuma da yawa ne a wurin, amma babu mai taguwa irin tasa. Wasu sai sun fizgi akala, sun buga ƙafa, sun yi ta tsawa kafin dabba ta gurfana. Shi kuwa ya nufo ta kawai, ta haɗa ido da shi, sai ta zube a kan gwiwoyinta nan take, ko a kan me take tsaye. Kuma ba ta motsi sai ya ce ta tashi. Abin alfaharinsa ke nan a duniya, har kiran mutane yake su zo su gani.

Ana nan sai gwiwoyin suka fara kumbura. Tashi ya zama aiki, tana yi tana kuka. Wani yammaci kafilinsa, wato ubangidansa, wanda shi ne mai taguwar, ya zo ya dube ta ya ce, "Halas, ta gama. Kai ta Ka'akiyya." Maharazu ya yi ta roƙo har dattijon ya gaji ya ce ya bar masa ita, ya je ya san inda zai kai ta, shi kuma Maharazu ya koma gadi a wani masaukin alhazai a Misfala. To ina mai gadi zai ajiye raƙumi a Makka? A kan bene?

Matarsa Batulu ce ta samo mafita. Tana sayar da masa a unguwar Mansur, kuma babu labarin da ba ya biyowa ta gaban tandarta. Ita ta ji cewa jikan wata Hajiya Rabi, Dakta Abdulwasi'u, likitan dabbobi, ya mayar da gonar kakansa ta hanyar Jumum wurin hutun dabbobin da aiki ya cinye. Ba a sayarwa, ba a yankawa, ba a hawa. Can aka kai Ta-Arfa. Tun daga lokacin Maharazu bai taɓa fashin Asabar ba.

Suka fita daga gari, suka wuce alamar iyakar Harami, duwatsu baƙaƙe suna ta wucewa dama da hagu. Maharazu ya shafa aljihunsa. Dabinon yana nan, mai taushi, irin wanda take so.

"Kullum da na shiga sai ta gurfana," ya ce, yana murmushi shi kaɗai. "Ba ta manta ni ba, Lurwanu. Ko kaɗan."

"Allah Sarki. Matarka ma ba ta yi maka haka."

Gonar ba wata babba ba ce. 'Yan itatuwan dabino, rijiyar burtsatse, sai dogon bangon bulo da ya raba garken jakai da filin da taguwar take. Akwai jakai da suka tsufa da jan amalanke, akwai wani doki makaho, akwai kuliyoyi ba adadi. Masu aikin sa kai suna zuwa ranar hutu, wani malamin makaranta, wani direban bas, su yi shara, su ɗebi ruwa, su yanka ciyawa. Dokar wurin guda ce, kuma Dakta ba ya wasa da ita: ba ka kiran dabba, ba ka taɓa ta sai in ita ta zo da kanta.

Dakta Abdulwasi'u yana tsaye a bakin ƙofa, da alama jiran su yake. Haifaffen Makka ne, kakanninsa suka zo aikin Hajji a ƙafa suka zauna. Hausarsa sai ya nemo ta, Larabci kuwa zuba take. Ya gaida Maharazu da hannu biyu, ya sumbaci kansa kamar yadda suke yi wa manya. Ammi yake kiransa, wato baffa da Larabci.

"Ammi, kafin ka shiga, ina son mu yi magana shwayya, kaɗan kawai."

Maharazu ya ja ya tsaya. "Wani abu ya same ta?"

"La, la, lafiyarta lau. Tana tsaye, tana ci. Duk satin nan tana yawo." Ya murza yatsu. "Ammi, na daɗe ina lura. In ba ka nan, da kanta take zaɓar yashi mai laushi, ta sauka a hankali, ta tashi a hankali. Gwiwar tana samun sauƙi. Ran Asabar kuwa da ta gan ka sai ta faɗi gaba ɗaya, duk inda take. Ciwon ya buɗe. Mu sake komawa farko."

"Gaisuwa ce take yi mini."

"Aiki take yi maka, ammi. Ta ɗauka ka kawo mai hawa."

Kai! Da mari Dakta ya yi masa da ya fi sauƙi. Maharazu ya haɗe rai.

"To me kake so ka ce?"

"Ina roƙonka ka riƙa aiki a ɓangaren jakai. Kada ta gan ka. Ko muryarka kada ta ji."

"Har yaushe?"

Dakta ya sunkuyar da kai. Can ya ciro waya ya nuno hoton wata ƙatuwar giwa tsaye a cikin kogi.

"Dubi wannan. Lokacin da na gama karatu na je Siri Lanka na yi aikin sa kai a gidan hutun giwaye. A can na koyi duk abin da nake yi a nan. Wannan tsohuwar ta gama rayuwarta tana ɗaukar 'yan yawon buɗe ido. In ta hango mutumin da yake kula da ita da, sai ta ɗaga ƙafar gaba don ya taka ya hau, alhali a ƙafar ciwon yake. Wallahi mutumin yana son ta, kuka yake kamar yaro. Aka mayar da shi wurin yanka kabewa, yana haɗa mata abinci, wani yana kai mata. Har ta warke."

Maharazu ya ture wayar da bayan hannu.

"Giwa daban, raƙumi daban. Giwa ɗaya aka taɓa nufo garin nan da ita, ita ma tun a hanya ta durƙusa ta ƙi shigowa. Shi ne za ka ɗauko mana dokar giwaye ka kawo Makka? Yaro, lokacin da na fara wanke taguwar nan kana makarantar allo. Ni na hana a yanka ta. Ni! Yau ni za a ce kada ta gani?"

"Ammi, don Allah..."

Ina! Ya riga ya wuce. Lurwanu ya bi shi da "Kai Maharazu, tsaya mana," amma ko waiwaye. Ya zare sakatar ƙofar filin ya shiga, hannunsa a aljihu yana laluben dabino, zuciyarsa tana cewa bari su gani da idonsu ko gaisuwa ce ko ba gaisuwa ba.

Ta-Arfa tana bakin kwamin ruwa, tsaye a kan daɓen siminti, ruwa yana ɗiga daga leɓenta. Ta yi ƙiba kaɗan, gashin tozonta ya fara fitowa inda sirdi ya cinye. Ta ɗago dogon wuyanta. Ta gan shi.

Ya ga abin tun kafin ya faru, ya buɗe baki zai ce a'a, amma ina. Ta saki gwiwoyin gaba suka daki simintin nan, ƙum! Ta yi wani irin kuka da bai taɓa ji daga bakinta ba. Ƙafafun baya suka biyo. Ta daidaita wuya, ta tsayar da kai cak, tana jiran mai hawa. Jini ya fara bin simintin yana gangarawa cikin ruwan da ya zube.

"Tashi! Ta-Arfa, tashi!"

Ta ji. Da ma yaushe ta taɓa ƙin ji? Ta ɗaga baya da sauri yadda ta saba, ta tura nauyinta duka kan gwiwoyin, ta yunƙura. Ƙafar dama ta lanƙwashe. Ta dawo ƙasa da ƙirji, har ƙasa ta amsa. Ta sake kallonsa, ta sake yunƙurawa.

"Bas! Ya isa!" Dakta ya riƙo shi ta kafaɗa. "Kada ka ƙara ce mata komai. In ka ce ta tashi sau ɗari, sau ɗari za ta gwada, har ƙashin ya karye. Fita, ammi. Ina roƙonka da girman Allah, fita."

Wannan karon Maharazu bai yi musu ba. Ya juya ya fita. Dabinon yana dunƙule a hannunsa, ya dame ya zama kamar ƙullu.

Daga bayan bango yana jin su. Dakta yana ba da umarni da Larabci, ana jan baro, ana zuba yashi kewaye da ita, ana kafa rumfar buhu don rana. Bayan wani lokaci Dakta ya zagayo, rigarsa duk jini da ƙasa.

"Na yi mata allura, na ɗaure ciwon. Ƙashin bai karye ba, alhamdu lillahi. Yanzu kowa zai fita a bar ta ita kaɗai."

"Za ta tashi?"

"Ban sani ba. Ba zan yi maka ƙarya ba. In ta daɗe a kan simintin nan ƙafafun za su mutu. In rana ta faɗi ba ta tashi ba, za mu gwada ɗaga ta da igiya. In ta kasa tsayuwa..." Ya kasa nemo kalmar da Hausa, kuma bai faɗe ta da Larabci ba.

Lurwanu ne ya faɗa, da murya ƙasa-ƙasa, babu wasa a cikinta yanzu. "In ta kai ga haka kada a bari ta mutu mushe, Maharazu. Akwai wuƙa a mota. Ni zan yi, ba sai ka gani ba. Gidajen Mansur nawa ne ba su ga nama ba."

Maharazu ya dube shi kamar zai shaƙe shi. Amma me zai ce? Gaskiya Lurwanu ya faɗa, haka iyayensu suke yi, haka shi ma zai gaya wa wani. Ya ɗauki shebur ya shiga garken jakai.

Ya yi ta kwasa. Ya cika baro ya kai bayan dabino ya juye, ya dawo ya sake cikawa. Rana ta take, irin ranar Makka da take sa ƙarfe ya ƙi taɓuwa. Jakan suna tsaye a inuwa suna kaɗa kunne, ko kallo bai ishe su ba. Wata tsohuwar jaka mai farin baki ta zo ta shinshina aljihunsa, ya ciro damammen dabinon ya miƙa mata, ta lashe tas ta yi gaba abinta.

Aka yi azahar a ƙarƙashin dabino. Aka kawo shinkafa, ya kasa kai loma. Ya koma gindin bango ya zauna, ya kira Batulu a waya.

"Malam, lafiya? Muryarka wani iri."

Ya gaya mata duka, bai rage ba. Yana jin ƙarar mai a tanda da hayaniyar titin Mansur a bayanta.

"Inna lillahi. Allah Ya tashi kafaɗunta. Amma Malam, yaron nan bai yi ƙarya ba."

"Ke ma?"

"To ni da nake mutum ma? Ko ina kwance bayan nan yana sara kamar zai tsage, in na ji takalminka a matakala sai in gan ni zaune ina gyara ɗankwali. Ban san sanda nake tashi ba."

"Na taɓa cewa ki tashi?"

"Ba ka taɓa ba. Sai ka ce? Bari in sallami mutane, masa za ta ƙone."

Ta kashe. Ya bi wayar da kallo. Matar nan, ita ko a ranar tashin hankali sai ta samu inda ta soka maka magana.

A jikin bangon akwai inda bulo ɗaya ya fashe, rami kamar tafin hannu. Tun ɗazu ya gan shi yana kawar da kai. Da aka yi la'asar ya kasa daurewa. Ya yayyafa ƙasa ya ga iska daga wajenta take busowa, ba za ta ji ƙanshinsa ba. Ya durƙusa ya kafa ido.

Tana nan inda ya bar ta. Wuyan nan a miƙe, kai a tsaye, idonta a kan ƙofar da ya fita. Tun safe! Jira take ya dawo ya sallame ta. Nan ne abin ya karya masa zuciya. Shekara da shekaru yana kiran mutane su zo su ga yadda take son sa, ashe baiwar Allah ba ta taɓa sanin ana tashi daga aiki ba. Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

Sai ga tari ya taso masa. Tsohon tarinsa ne na ƙurar Arfa, wanda ko a cikin taron mutum dubu ta san shi. Ya cusa gefen rawaninsa a baki ya danne, ƙirjinsa yana tsalle, idanunsa kamar za su faɗo. Ya kifa goshi a ƙasa har abin ya lafa. Da ya ɗago sai ya ga Lurwanu tsugune a gefensa, ya miƙo masa gorar ruwa.

Inuwar bango ta yi tsawo. Wata kyanwa ta zo ta sha ruwa a kwamin, ta wuce ta gaban hancin taguwar. Ta-Arfa ta bi ta da kallo. Karon farko ke nan da ta ɗauke ido daga ƙofar. Can sai wuyan ya fara saukowa, sannu sannu, har ta shimfiɗa shi a kan yashin da aka zuba, ta saki wani dogon numfashi da ya tayar da ƙura. Ta fara tuƙa.

"Ta haƙura da kai," in ji Lurwanu cikin raɗa, don ya samu wani ɗan ramin shi ma.

"Yi mini shiru."

Rana ta yi ja a kan duwatsu. Maharazu ya hango Dakta daga nesa da direban bas ɗin nan suna warware igiyoyi masu faɗi, suna yi suna duban sama. Lurwanu ya miƙe a hankali ya nufi wajen mota. Maharazu ya san abin da ya tafi ɗaukowa. Kalma ɗaya ce, tana nan a kan harshensa, in ya faɗe ta ko ta ramin nan ne za ta ji, za ta yunƙura. Wataƙila ma ta tashi. Ya cije leɓe har ya ji gishirin jini.

Ta-Arfa ta ɗago kai. Ba ƙofa ta kalla ba. A ƙarshen filin akwai wata bishiyar ƙaya, iskar yamma tana kaɗa ta. Ita ta tsura wa ido.

Ta muskuta. Ta karkata gefe guda, ta jawo ƙafa ta dasa a kan yashi, ba a kan siminti ba. Ta huta. Ta ɗaga baya, ba da saurin nan na aiki ba, a hankali, kamar tsohuwa za ta tashi daga tabarma. Ta tsaya a haka, rabi sama rabi ƙasa, jikinta duka yana karkarwa. Maharazu ya damƙi bulo har farcensa ya karye. Ta miƙa ƙafar hagu, mai lafiyar, ta dogara a kanta. Ta yi nishi. Ta jawo ta daman.

Ta miƙe.

Babu wanda ya yi kabbara da ƙarfi. Dakta ya ɗaga hannu yana yi wa kowa alamar a yi shiru, igiyar ta sulale daga hannunsa. Lurwanu ya tsaya a tsakiyar hanya, ya juya ya mayar da abin da ya ɗauko cikin mota.

Ta daɗe a tsaye tana sauraron ƙafafunta. Sannan ta fara takawa, tana ɗingishi, har gindin bishiyar. Ta miƙa wuya, leɓenta ya kusa taɓa ganye, sai ta tsaya cak. Ta waiwayo.

Maharazu ya san abin da take jira. A Arfa an shuka dogon yaro ko'ina, kuma an hana dabbobi ci. Duk sanda ta kai baki sai ya fizgi akala. Kullum, shekara da shekaru. Fizgar nan take jira.

Babu wanda ya fizge ta. Ta juya ta kama reshe, ta zuge shi da ƙayar da komai, ta hau taunawa, ido a lumshe. Bai taɓa ganin ta ci daga bishiya ba sai yau.

Bai san Dakta ya zo ba sai da ya ji ya zauna kusa da shi a ƙasa.

"Samihni, ammi, ka yafe mini. Na yi maka tsawa ɗazu."

"Da ka haɗa da mari." Maharazu ya share fuska da rawani. "Mutumin nan mai yanka kabewa. Ya sake ganin giwar tasa?"

"Kullum. Daga kan tudu."

"Ita fa?"

"Ita ba ta sake ganinsa ba."

Maharazu ya jinjina kai. Ya dubi garken jakai, ya dubi shebur da baro.

"Asabar mai zuwa zan zo da wuri. Garken nan yana son a canza masa yashi. Barsim ɗinta kuma ni zan riƙa yankawa, don ba ta son mai kara, wani ya kai mata." Ya nuna bangon da haɓa. "Ramin nan kuwa, kada wani mai neman lada ya zo ya toshe shi."

"Babu mai taɓa shi."

"Sai abu ɗaya. Hotonta yana gidaje har ƙasashen da ban san sunansu ba, kowa a kan bayanta. Ni ba ni da ko ɗaya."

Dakta ya karɓi wayar Maharazu, ya zagaya ta can nesa ta wajen dabino, ya dawo ya miƙa masa.

Bayan magariba Lurwanu ya sauke shi a Mansur. Titin ya cika, masu tsire sun hura wuta, ana ta ciniki da Hausa da Larabci a haɗe. Ya shiga lungunsu. A gindin matakala ya tsaya, ya yi ɗan tunani, ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya hau a hankali.

Batulu tana kwance a kan darduma, ta tokare baya da matashi. Sai da ya yi sallama a bakin ƙofa ta farga, ta zabura tana laluben ɗankwali.

"Yi kwanciyarki."

Ta dubi takalman a hannunsa, ta dubi fuskarsa. Ta koma ta kwanta.

"Ta tashi?"

Ya zauna a gefenta ya miƙa mata wayar. Ta kawo ta kusa da ido. Ga Ta-Arfa a tsaye, ba sirdi, ba fure, ba akala, wuyanta a cikin bishiya, gwiwa ɗaure da farin ƙyalle. A bayanta dogon bangon bulo.

"Masha Allahu. Kai, ta yi kyau! Amma da ka sa an ɗauke ku tare."

"Tare muke."

Ta ƙara dubawa, ta juya wayar. "Ina kai ɗin?"

Ya sa yatsa a kan bangon, daidai wani ɗan baƙin ɗigo da ba kowa zai lura da shi ba.

"Ga ni nan," ya ce.